Ido Ba Mudu Ba: Tarken Fim a Majalisar Abokai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa bayan sallar isha'i ya san yadda hirar fim take tashi. Wani ya ce jiya ya kalli kaza, wani ya tambaye shi ko ya yi daɗi, kafin a ankara gardama ta ɓarke. Mu manazarta adabi mun saba raina irin wannan hira, muna ɗaukarta kashe lokaci. Manufar wannan tsokaci ita ce a nuna cewa tarke ake yi a wurin, tarke mai ma'auninsa, sannan a nuna inda yake gazawa. Zan kafa hujja da wata gardama da aka yi a gabana a kan fim ɗin Mother India.

Fim ɗin a taƙaice

Mehboob Khan ne ya shirya wannan fim a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha. Yana cikin finafinan Indiya da 'yan kasuwa Kwarori suka yi ta nunawa a gidajen sinima na Arewa shekara da shekaru. Labarin wata manomiya ce wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 wurin mai ba da rance, Sukhilala, don hidimar aure. Bashin ya zama ƙarfen ƙafa, har kashi uku cikin huɗu na amfanin gona yana tafiya wurinsa. Mijinta ya rasa hannayensa a ƙarƙashin dutse, ya bar gida don kunya. Ɗanta Birju ya tashi da ƙullaci, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa ranar aurenta. Radha ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan nata.

Gardamar

Mu huɗu muka sake kallonsa wata Asabar, dukkanmu Hausawa mazauna nesa da gida. Da aka gama, na farko ya ce marubucin ya yi ƙarya, domin babu uwar da za ta kashe abin da ta haifa a kan 'yar maƙiyinta. Na biyu, wanda ɗan kasuwa ne, ya ce Birju ne mai gaskiya, tun da riba ta cinye gonarsu da awarwaron uwarsa, kuma tura ta kai bango. Na uku ya ce ɗa na kowa ne, balle 'ya mace, kuma da Radha ta bari an tafi da yarinyar, da mutuncin ƙauyen duka ya zube.

Abin da majalisa ta gani

Babu wanda ya ambaci kalmar jigo a cikinsu, amma su ukun sun tono jigogin fim ɗin: ƙaunar uwa, zaluncin riba, da kare mutunci. Sun kuma gane cewa waɗannan abubuwa karo suke yi da juna, wanda shi ne ƙashin bayan labarin. Ma'aunin da suka yi amfani da shi ba baƙo ba ne. Shi ne wanda Kirk-Greene ya bayyana a 1974 a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, watau haƙuri da amana da kunya da mutunci da adalci da sauransu. Da wannan mudu Bahaushe yake auna Gizo da Ƙoƙi tun yana yaro, da shi kuma ya auna Radha. Saboda haka wanda ya ce majalisa ba ta da ra'in tarke bai saurare ta da kyau ba. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima.

Inda ta gaza

Aibin hirar shi ne an gurfanar da Radha tamkar maƙwabciya a gaban alƙali. An yi ta tambayar ko ta kyauta, ba a tambayi yadda fim ɗin ya kai ta ga harbin ba. Amsar tana cikin zubi da tsarinsa. Tun a tsakiya, bayan ambaliya ta share gonaki, 'ya'yanta suna fama da yunwa, Sukhilala ya yi mata tayin abinci a bakin mutuncinta, ta ƙi. Matar da ta ƙi sayar da nata mutunci a wannan hali, yaya za ta tsaya a keta na wata? Wancan fitowa ita ta haifi ta ƙarshe. Haka kuma labarin duka tunani ne na tsohuwa da aka gayyata ta buɗe magudanar ruwa, ruwan kuma ya fito ja kamar jini, don a nuna abin da ta biya. Da na kawo wannan, sai aka ce, "Malam ya fara lacca." Aka yi dariya. Amma gaskiya, ba don gardamarsu ba, da ni ma ban lura da alaƙar ba.

Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya finafinan Hausa sun fi jin muryar majalisa a kan ta mujallun jami'a, domin a can masu saye suke. Ɗabi'ar nan ta ɗaukar tauraro kamar mutum na zahiri ita ce take sa a zagi 'yar wasa a titi saboda ta fito a muguwar kishiya. Ba na kira ga ɗalibanmu su mayar da majalisa aji. Tambaya ɗaya kawai nake so su riƙa ƙarawa idan aboki ya yanke hukunci: "A wace fitowa ka ga haka?"