Koyar da Fasali a Jami'a da Matsayin Masu Sana'a: Sharhi a kan Tafarkin Zariya

Wannan takarda sharhi ce a kan yadda ake koyar da ilmin fasalta kayayyaki a jami'a, watau abin da Turawa ke kira dizain, da kuma irin ƙawancen da jami'a ke ƙullawa da masana'antu da masu sana'ar gari saboda wannan koyarwa. Na ɗauki Zariya don misali, domin nan ne wannan ilmi ya fi daɗewa a Arewa, kuma nan ne jami'a take maƙwabtaka da tsohon birni mai cike da maɗinka da magina. Abin da nake so in nuna shi ne, ƙawancen nan ya karkata ga masana'anta ya bar mai sana'a a baya, kuma ana iya gane karkatar tasa daga harshen da ake aikin da shi.

Kalmar da kanta

Bari mu fara da kalmar. Hausa ba ta da kalma guda wadda ta tattare duk abin da Bature ke nufi da dizain. Tana da fasali da tsari da zane da zayyana, kowace da gurbinta. Amma in aka zo ga aikin kansa, sai ta rarraba shi bisa ga abin da ake sarrafawa: ƙira ga ƙarfe, saƙa ga zare, rini ga tufa, sassaƙa ga itace, gini ga ƙasa, ko soro ake ginawa ko tukunya. Daga kowace kalmar aiki kuma ana samun sunan mai aikin da na wurin aikin ta hanyar ɗafa "ma" a farko: ƙera, maƙeri, maƙera, rina, marini, marina, saƙa, masaƙi, masaƙa. Har ma jam'in mutanen da sunan wurin rubutunsu ɗaya ne, karin sauti kaɗai ke raba maƙera masu aiki da maƙera inda suke aikin.

Ba ina cewa harshe yana ɗaure tunanin masu shi ba ne. Abin da yake yi shi ne ya adana tarihin yadda suka raba aiki. A galibin sana'o'in Hausa, wanda ya yi tunanin siffar abu shi ke yin sa da hannunsa. Ilmin da aka kawo jami'a kuwa an haife shi a ƙasashen da injin ya raba mai tsarawa da mai yi: wani ya zana a takarda, wasu su buga dubu a masana'anta. Saboda haka tun daga tushe wannan ilmi masana'anta yake fuskanta, kuma ita yake ɗauka abokiyar tafiyarsa.

Yadda abin ya kafu a Zariya

A 1955 aka ɗauko sashen zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Malamansa yawancinsu Turawan Ingila ne, tsarin karatun ma na can ne. A 1958 waɗansu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna neman a gauraya fasahar gida da wadda ake koya musu. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaji sashen, a shekarun 1970 kuma aka fitar da sashen fasalin kayan masana'antu daga cikinsa, mai kula da yadi da tangaran da gilashi da zanen ɗab'i.

Ba mai musun alherin da 'yan ƙungiyar 1958 suka yi. Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo, daga baya ya gina koyarwarsa a Nsukka a kansa. Amma sai a lura da abin da aka fi ɗebowa daga gida: siffa ce, abin da ido ke gani. Siffa kuwa tana da sauƙin ɗauka, domin ba ta bukatar tafinta. Ɗalibi na iya kwafe dagi daga bangon soro ya liƙa a jikin atamfa ba tare da ya yi wa magini sallama ba. Abin da ba ya kwafuwa shi ne dalilin siffar, da hukuncin da gwani ke yankewa cewa wannan ya yi, wancan bai yi ba. Wannan a bakin mai sana'a yake, da Hausa.

Ƙawance da masana'anta

Lalle akwai hujja a wancan lokaci ga mai dogaro da masana'anta. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, akoko ne kuwa babban abin da ta fara saƙawa. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, wadda ta shahara da buga atamfa. Kakuri ta cika da ma'aikata, auduga na zuwa daga gonakin Arewa. A 1973 kuma hukumar ITF ta fito da shirin SIWES, wanda ke aika ɗalibai su yi watanni a wuraren aiki, kowa da littafinsa da wani jami'i na wurin zai riƙa sa wa hannu. Jami'a da kamfani ba su sha wahalar fahimtar juna ba, don duka biyu da Turanci suke rubutu, da awo ɗaya suke aiki.

To, amma sai masaƙun suka durƙushe, saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar man injuna da kwararowar yadin waje mai araha. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Marinar Ƙofar Mata a Kano kuwa, ko da yake karofinta da yawa sun mutu, ba a daina rini a cikinta ba. Masu ɗinkin hannu na birnin Zariya ba su ajiye allura ba, har mata ma sun shiga sana'ar cikin gidajensu. Abokin da aka fi ƙarfafa zumunci da shi ya faɗi, wanda aka ɗauka na gargajiya ne mai shirin ƙarewa ya saura. Wannan kaɗai ya isa ya sa a sake lissafi.

Darasin tulun Ladi Kwali

Kafin a ce ai sai a juya ga masu sana'a, ya kamata a dubi wani gwaji da aka riga aka yi, ko da yake ba a jami'a ba. A farkon shekarun 1950 Michael Cardew ya buɗe makarantar horon maginan tukwane a Abuja ta wancan zamani, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, alhali ta riga ta zama gwana a ginin hannu irin na ƙasar Gwari. Cardew ya girmama aikinta ƙwarai. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu, da zanenta na ƙadangare da kifi da kunama, amma da yumɓun makarantar, sa'an nan a shafe su da ruwan gilashi a gasa cikin tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1200. An baje su a London a 1958 da 1959 da 1962, sunanta ya zaga duniya.

Sai dai mene ne tulu a wurin mai gida? Abu ne da mace za ta iya ɗauka a ka, wanda jikinsa ke tsattsafo, iska ta busa danshin, ruwan ciki ya yi sanyi. Gashin tanderu da shafen gilashi sun toshe ƙofofin yumɓu, sun kuma ƙara nauyi. Abin da ya fito kyakkyawa ne matuƙa, amma ba ya sanyaya ruwa, masu sayensa kuma galibi Turawa ne da masu hali. Suna ya zauna, ma'ana ta tashi. Ba zargin Cardew nake yi ba, don shi kansa ya sha bayyana cewa tukwanen matan ƙauye sun dace da aikinsu. Darasin shi ne, ko inda aka girmama gwani, in ma'aunin nasara na baƙo ne, kayan zai sauya ya bi ma'aunin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana jikin takardar naira 20. Wannan karramawa ce da ta cancanta. Amma karrama gwani daban, zaunar da shi cikin masu yanke hukunci daban.

Ilmin da ke cikin kalmomi

Mai shakkar cewa akwai ilmin fasali cikin Hausa, ya ɗauki kalma ɗaya: laso. Laso shafe ne mai hana ruwa shiga, ana haɗa shi da katsi, watau laka da ke kwantawa a gindin karofi, da gashin jima daga wurin majema, da dafara. Ke nan sharar marini da ta majemi sun zama kayan aikin magini. Ɗalibin da aka koya wa darasin sake amfani da shara daga littafin Turai bai san cewa an daɗe da yin haka a bayan ganuwa ba. Haka makuba daga ɓawon ɗorawa, da azara, da tubali, da bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda da irinsu Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga rufin masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19.

A marina kuma, ana zuba baba da toka cikin ruwa a bar su su ruɓa kwanaki. Masanin kimiyya zai ce ƙwayoyin halitta ne ke juya shuni ya narke, shi ya sa tufa ke fitowa kore-kore, sai ta sha iska ta koma shuɗiya. Marini ba ya faɗar haka, amma daga kumfa da launi yana sanin ranar da karofi ya nuna. Bayanan nan biyu ba kishiyoyin juna ba ne, kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Babbar riga ta fi ban sha'awa, don ita ce ta saɓa wa abin da na faɗa da farko. A nan akwai mai zane, wanda ke shata aska biyu ko aska takwas da tambari a jikin yadi da alƙalami da tawada, sa'an nan maɗinka su bi sawunsa. Ashe Hausa ma ta san raba mai tsarawa da mai yi inda aiki ya bukaci haka. Mai zanen riga shi ne takwaran malamin dizain na jami'a sosai da sosai, tsakaninsu kuwa mil kaɗan ne daga Samaru zuwa birni.

Ba za a ce malaman jami'a sun yi sakaci da binciken waɗannan abubuwa ba. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya yi nazarin ɗinkin Hausa, ya kuma shirya nunin fasahar Hausawa a London a 1976. Philip Shea ya bi tarihin rini da cinikin turkuɗi a ƙasar Kano. Hamman Tukur Saad ya yi zama da magina don jin yadda suke auna kyan gini. Ayyuka ne masu daraja. Amma da Turanci aka rubuta su, gwanayen da suka ba da ilmin ba za su iya karanta su ba, matsayinsu a ciki kuma na mai ba da labari ne. Ilmi ya tafi jami'a, bai komo da tukuici ba.

Abin da za a iya cewa a kan wannan

Za a ce ɗaliban jami'a daga ko'ina cikin ƙasa suke, da yawansu ba su jin Hausa. Gaskiya ne. Amma ɗalibin likita ba ya jin Latin, duk da haka yana haddace sunayen gaɓoɓi da ita. Kalmomi ɗari biyu na sana'a ba su fi ƙarfin wanda zai yi shekara huɗu a Zazzau ba. Za a kuma ce sana'ar hannu ba za ta ɗauki dubban ma'aikata kamar masaƙa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na kiran a juya wa masana'anta baya, duk ranar da ta farfaɗo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da na ƙi shi ne a kira ɗaya abokin aiki, ɗaya kuma wurin yawon buɗe ido.

Shawara

Na farko, a ɗauki marina da rumfar ɗinki da wurin gini a matsayin wuraren da ɗalibi zai yi watannin koyon aikinsa, gwanin wurin ya sa hannu a littafinsa, da boko ko da ajami, a kuma biya shi ladan koyarwa. Na biyu, in aikin ɗalibi riga ce ko tulu ko soro, a zaunar da gwanin wannan sana'a cikin masu jarrabawa, a saurari hukuncinsa da harshensa, a lasafta shi cikin maki. Na uku, duk zanen da aka ɗauko daga wani gida a rubuta sunan gidan, in kamfani ya saya kuma a ba su rabonsu.

Na huɗu namu ne, mu malaman Hausa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 cike suke da kalmomin sana'a, amma a warwatse bisa jerin baƙaƙe, waɗansu kuma sun sauya ma'ana tun daga lokacin. Ana bukatar ƙamus na kowace sana'a, da hoto da bayani cikin Hausa, wanda sashenmu da sashen fasali da su gwanayen za su haɗu su rubuta. Malaman makarantun horon malamai na iya fara wannan tun yanzu: kowane ɗalibi ya komo daga hutu da kalmomi ashirin na sana'ar garinsu, da bayanin yadda mai sana'ar ya fassara su. Tsofaffin da suka san bambancin baba mai kyau da maras kyau suna ƙarewa, in kuwa suka tafi da kalmominsu, ba wani ƙawance da zai komo da su.