Daga Gindin Kufena Zuwa Faifan Ikko

Masu rubuta tarihin kiɗan jita a Nijeriya sun saba da wata al'ada, wadda a zahiri ta yi kama da tahaƙiƙi, alhali kuwa akwai gaggawa a cikinta, watau su ɗauki faifai su karanta shekarar da kamfani ya buga a jikinsa, sa'an nan su yanke hukunci cewa ran nan aka haifi waƙar. Ɗalibin hadisi ba ya yarda da irin wannan, domin shi ba ya karɓar matani sai ya bi isnadi, ya san wa ya ji daga wa, kuma a wane gari. In aka bi isnadin waƙoƙin farko na Bongos Ikwue da ƙungiyarsa ta Groovies, waɗanda faifansu ya nuna Ikko, to, riwayar ba za ta tsaya ba sai ta iso Zazzau, ta fita bayan ganuwa, ta sauka a Wusasa.

Wusasa dai zaman mishan ce tun asalinta. Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kuma a 1929 aka mai da aikin mishan ɗin bayan gari, aka kafa majami'ar St. Bartholomew da makaranta da asibiti, inda Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. Daga baya aka sami sakandaren St. Paul, wadda ake kira Kwalejin Kufena yanzu, kuma can ne aka kawo Bongos, ɗan ƙabilar Idoma da aka haifa a Otukpo a 1942, ya yi karatu. Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi, wanda galibi akan tsallake, shi ne a irin waɗannan makarantu waƙa darasi ce, ana rera ta safe da maraice, an raba yara bisa ga muryoyinsu, masu siririya da masu kauri, kowane rukuni da hanyarsa, amma a haɗu a gaɓa ɗaya. Wannan tsari ya saɓa wa na makaɗanmu, inda uban kiɗi ke jefa baiti 'yan amshi su karɓa da murya guda. Yaron da ya shekara biyar kunnensa na shan wannan tarbiyya, in ya koma ɗakin kwana ya sami jita, kuma rediyo na kawo masa waƙoƙin Amurka da Ingila, to, abin da zai fito daga bakinsa sananne ne tun kafin ya fito.

Sauran silsilar gajeriya ce. Bongos ya kafa ƙungiyar Cubana Boys a Okene, ya komo Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ya kafa UniBello Brothers, sa'an nan Groovies a 1967. Amma bai shiga yarjejeniya da kamfanin EMI ba sai a 1972. Shekarun nan biyar su ne wurin da ya kamata a tsaya a yi tuntuntuni, domin uku daga cikinsu na yaƙin basasa ne, kuma a dukansu ƙungiyar tana kiɗa gaban jama'a, inda waƙa kan sauya kama a kowane dare: a ƙara amshin da masu rawa suka so, a yar da baitin da ya kwantar musu da jiki. Saboda haka abin da ya isa gaban makirfo a Ikko ya riga ya sha gyara a hannun ɗaruruwan mutanen da ba za a taɓa rubuta sunayensu a bangon faifai ba.

Dalilin tafiya Ikko kuwa ba ɓoyayye ba ne. Arewa tana da gidan rediyo da talabijin na Kaduna tun 1962, wanda ya naɗi muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ya watsa su ko'ina, sai dai naɗi domin watsawa daban, buga faifan sayarwa daban, kuma injunan wannan na biyun da 'yan kasuwarsa suna kudu. A lokacin ɗakin naɗin EMI yana Apapa, a Ikko, kuma shi ne wanda Paul McCartney ya shiga a 1973 ya yi aikin faifansa Band on the Run, da na'ura mai layin murya takwas kacal. A wannan shekara ne 'yan makaranta na ƙungiyar Ofege suka fitar da faifansu Try and Love, su Elcados na Kano ma suka bi hanyar EMI ɗin. Kuma faifai yana da nasa sharuɗɗa: ƙaramin nan mai juyi 45 a minti ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kowace fuska, don haka waƙar da aka saba ja a dandali har gumi ya karyo, tilas a datse ta, a tsayar mata da mafari da ƙarshe.

A nan nake saɓa wa masu lissafa Bongos cikin 'yan rok ba tare da sharaɗi ba. Gaskiya ne kayan kiɗan iri ɗaya ne, jitar lantarki da ganguna da sauransu, kuma zamani ɗaya ne, kamfani ɗaya, amma ƙungiyoyi irin su Ofege da BLO suna neman ƙara da kururuwar jita, shi kuwa yana neman murya ta fito tas, kowace kalma a ji ta, kiɗa ya koma baya ya yi mata hidima. A ganina wannan natsuwa gadon bencin majami'a ce da waƙoƙin karkarar Amurka, fiye da yadda take gadon gidajen rawan Ikko, kuma ita ce ta sa waƙarsa Still Searching ta shiga gidajen da ba sa yarda yaransu su ji rok, ta kuma sa a 1980, da hukumar talabijin ta ƙasa ta shirya wasan Cock Crow at Dawn a ƙasar Jos domin kwaɗaitar da jama'a noma, shi aka ba waƙar buɗe wasan, har manoman da ba su jin Turanci suka haddace karinta.