Roƙo Ko Neman So? Tsokaci A Kan Ɗanƙwairo Da Sa'idu Faru

Sau da yawa in an taɓo zancen makaɗan fada a taron ƙungiyarmu, sai wani ya ce ai bara ce kawai aka haɗa da kotso. Ni kam ban yarda ba. A ganina aikin makaɗin fada ya fi kama da na mai neman aure: ya yabi asali, ya kambama hali, ya kushe abokin takara, sa'an nan ya faɗi bukatarsa. Mabaraci kuwa da bukata yake farawa.

Bari mu ɗauki makaɗa biyu na ƙasar Zamfara. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya gāji kiɗa wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Kayan Maradun. Sa'idu kuwa, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, a Talata Mafara ya sami babban ubangidansa, wato Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo.

Ɗanƙwairo mai faɗin nema ne. Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya yi wa sarakuna da attajirai da dama. Wajen daɗin amshi da karɓeɓeniya tsakaninsa da yaransa, da wuya a kamo shi. Sai dai mai nema gida-gida dole ya maimaita zance. Wani yabon nasa in an cire suna zai hau kan kowane basarake.

Shi ma Sa'idu ya waƙe wasu sarakuna, amma zuciyarsa na wurin Macciɗo. Fatansa kullum ubangidansa ya gāji mahaifinsa, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, shi ya sa yake yi wa sauran masu jiran gado zambo. Wannan kasada ce, domin in wani ya hau, makaɗin ya shiga uku. Mabaraci ba ya ɓatawa da kowa. Laifin da na ga Sa'idu shi ne zambon kan wuce hali ya taɓa halitta, abin da ba mutum ya yi wa kansa ba.

Sa'idu ya rasu a 1987. Da Sarkin Musulmi ya rasu a 1988, Ibrahim Dasuki aka naɗa. Sai a 1996 Macciɗo ya hau, babu makaɗinsa a raye balle ya karɓi tukuici. To, 'yan'uwa ɗalibai, in wannan ba so ba ne, mene ne sunansa? Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, amin.