Taga Mai Turo Ƙirji: Sharhi a Kan Wani Aron Gini

A sababbin unguwannin Kano, har da wasu gidajen cikin Birni da ake sabuntawa, ana ganin wata irin taga wadda ba ta tsaya daidai da bango ba. Takan turo ƙirji waje da fuska uku na gilashi, ta bar ɗan lungu a cikin ɗaki inda mutum zai iya zama. Wannan sharhi zai duba asalinta, da yadda ake girka ta, da kuma dacewarta da gidan Bahaushe.

Irin wadda maginanmu ke kwaikwaya daga Ingila ta fito. A can an yi ta karɓar harajin taga daga 1696 zuwa 1851, an kuma soke harajin gilashi a 1845. Da gilashi ya yi araha, sai wannan taga ta yaɗu a jerin gidajen birane na zamanin Sarauniya Biktoriya. Dalilinsu a fili yake. A Landan, yinin tsakiyar hunturu ba ya cika awa 8, saboda haka duk dabarar da za ta jawo haske daga ɓangare uku abin so ce. Har ila yau, falonsu titi yake kallo, kuma zama a taga ana kallon masu wucewa ba abin kunya ba ne a wurinsu.

Girka ta ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an tokare rufi, an fasa bango, an zuba linta mai rodi wadda za ta ɗauki nauyin da ke sama. Ita kanta tagar tana bukatar tushe daga ƙasa ko matokari masu ƙarfi, sannan a yi mata ɗan rufinta, a toshe mahaɗarsa da bango don kada ruwa ya bi. A ginin bulo da siminti ana iya wannan idan an sami birkila mai sani. A ginin ƙasa kuwa ganganci ne. Bangon tubali da kaurinsa yake ɗaukar nauyin azara da ƙasar rufi, kuma siminti ba ya kama jikin ƙasa da kyau. Da damina ruwa kan shiga ta mahaɗar ya jiƙa tubali, daga nan sai tsagewa, wani lokaci har rushewa a kan masu gida.

Ko a ginin bulo, akwai abin dubawa. Yinin Kano ba ya kasa awa 11 a duk shekara, kuma zafin watan Afrilu kan kai maki 40. Gilashi mai fuska uku, musamman in yamma yake kallo, yakan tara zafi a ɗaki. Da hunturu kuma ƙura na samun ƙarin kafofin shiga. Shi ya sa za a tarar an sa wa tagar sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, an rufe ta da labule mai kauri dare da rana saboda zafi da idon jama'a, sannan an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wato an kashe kuɗi an buɗe bango, an sake kashe wasu an rufe shi.

Magabata ba rashin sani ne ya sa suka yi ƙananan tagogi can sama kusa da rufi ba. Gidan Bahaushe tsakar gida yake kallo. Baƙo iyakarsa zaure, haske da iska kuwa a tsakar gida iyali ke samunsu. Malamin da ya kai ɗalibansa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana zai ji sanyin ɗakunan da jikinsa.

Wannan ba ya nufin a rufe ƙofar aro. Alhazanmu da suka ratsa tsohon garin Jidda, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, sun ga tagogin katako da ake kira rawashin. Su ma ƙirji suke turowa kan titi, amma a maimakon gilashi saƙar katako ce mai ƙananan kafofi: iska na shiga, rana na tsayawa a waje, na ciki na ganin na waje ba tare da an gan shi ba. A Alƙahira ma akan ajiye tulun ruwa a irin wannan taga don ya yi sanyi. Waɗannan mutane zafinsu da addininsu irin namu ne, kuma kafintocinmu ba za su kasa wannan aiki ba.

Daga ƙarshe, shawara ga mai gini ita ce kada ya fasa bangon ƙasa don wannan taga ko kaɗan. In gidan bulo ne, ya fuskantar da ita arewa ko cikin tsakar gida, ya rage gilashi, ya ƙara katako da inuwa. Malaman makaranta kuma su riƙa koya wa yara tambayar abin da ya sa aka yi wani gini yadda aka yi shi, kafin su yi sha'awar kwaikwayonsa.