2.4 Tarken Ra'ayin Mitra Kan Koyo da Intanet Ba Tare da Malami Ba

Daga cikin ra'ayoyin da suka yi tashe kan amfani da intanet wajen koyarwa akwai na Sugata Mitra, masanin Indiya wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Newcastle ta Ingila. Wannan sashe zai yi tarken ra'ayin nasa domin auna ƙarfin hujjojin da aka gina shi a kansu.

A shekarar 1999 Mitra ya huda bangon da ya raba ofishin kamfanin NIIT da unguwar talakawa ta Kalkaji a birnin Delhi, ya kafa kwamfuta mai haɗe da intanet, ya bar ta ga yaran unguwar. Ya bayyana cewa yaran sun koya wa junansu sarrafa na'urar ba tare da wani babba ya nuna musu ba. A kan wannan ne ya gina ra'ayin cewa idan aka haɗa yara rukuni-rukuni, aka ba su intanet da tambaya mai jan hankali, za su ilmantar da kansu. A 2013 ya sami kyautar TED ta dala miliyan 1.

Ba za a musa cewa gwajin ya zo da abin amfani ba. Ya nuna talauci ba ya toshe basirar yaro, kuma yara kan koya daga 'yan'uwansu fiye da yadda tsarin haddar allo yake ba su dama. Sai dai akwai rauni a wurare uku.

Na farko, iya sarrafa kwamfuta daban, fahimtar darasi daban. Warschauer (2003) ya ba da rahoton cewa a rumfunan da aka kafa a Delhi intanet ba ta cika aiki ba, yara sun fi mayar da hankali ga zane da wasanni, sannan ba a tanadi abin karatu cikin Hindi ba, wato harshen da yaran suka sani. Ke nan abin da aka tabbatar shi ne yaro zai iya latsa na'ura, ba a tabbatar da cewa lissafinsa ko karatunsa ya ƙaru ba.

Na biyu shi ne rashin ɗorewa. Arora (2010) ta bi sawun rumfunan Almora da Hawalbagh a yankin Himalaya, ta tarar sun daina aiki. Abin da ba a damƙa wa kowa ba, ba mai gyara shi idan ya lalace, domin hannu da yawa ba ya maganin ƙazamar miya sai an san mai tukunyar.

Na uku, wanda ya fi nauyi, daga aikin Mitra kansa ya fito. A gwajin ƙauyen Kalikuppam (Mitra da Dangwal, 2010), yara masu jin Tamil sun yi nazarin ilmin ƙwayoyin halitta cikin Ingilishi su kaɗai, suka kai kimanin kashi 30 cikin 100 a jarrabawa. Da aka sa wata mata ta riƙa tsayawa tare da su tana yaba musu tana yi musu tambayoyi, sai makin ya kai kimanin kashi 50, alhali ba ta san fannin ba. Wannan ya nuna babba mai kula ne ya ɗaga yaran daga faɗuwa zuwa matsakaicin maki. Idan wadda ba ta san darasin ba ta yi wannan tasiri, babu dalilin ɗauka cewa ƙwararren malami zai gaza ta.

Bisa ga bayanan da suka gabata, wannan nazari na ganin hujjojin Mitra sun isa su tabbatar da amfanin intanet a aji, amma ba su isa su sallami malami ba. Malami ne zai zaɓi tambayar, ya tace abin da ɗalibai suka samo, ya lura da wanda 'yan rukuninsa suka danne. Hukumar da ta rage kuɗin horar da malamai domin sayen na'urori bisa wannan ra'ayi, 'ya'yan talakawan da aka yi niyyar taimaka wa su ne za su fara cutuwa.