Shiru Iri Biyu: Sharhi a kan Maƙalar Goguen da Linde (1993)

A cikin wannan maƙala, Joseph Goguen da Charlotte Linde sun bi diddigin dabarun da masu gina manyan manhajoji ke amfani da su domin gano bukatun ma'aikata: takardar tambayoyi, hira, da sa mutum ya riƙa faɗin tunaninsa yana cikin aiki. Sun nuna raunin kowace, domin ma'aikaci ya san abubuwa da dama waɗanda ba ya iya faɗa. Shawararsu ita ce a nazarci zancen ma'aikata a wurin aikinsu. Mun yarda da su a nan.

Inda muke da ja shi ne ba su rarrabe shirun ba yadda ya kamata. Tun 1972, cikin Dire et ne pas dire, Oswald Ducrot ya bambanta abin da ba a faɗa ba domin an ɗauke shi sanin kowa, da abin da ake yi wa hannunka-mai-sanda domin mai magana ya kauce wa alhakinsa.

Mu ɗauki misalin motocin ɗaukar majinyata na Landan. An ɗora rabon motocin a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa ranar 26 ga Oktoba 1992, tsarin ya durƙushe ranar 4 ga Nuwamba, aka koma aikin hannu. Manhajar tana bukatar sanin matsayin kowace mota daidai wa daida, alhali ma'aikata kan ɗauki wata motar da ba ita aka ba su ba. A wurinsu wannan sanin kowa ne: shiru na farko ke nan, kuma mai lura zai gano shi. Amma rahoton binciken 1993 ya ambaci rashin yarda tsakanin ma'aikata da shugabanninsu. Wanda bai amince da magabacinsa ba, ba zai fito fili ya ce yana karya ƙa'ida don aiki ya tafi ba. Naɗar muryarsa ma sai ta ƙara masa taka tsantsan.

Saboda haka muna ganin ƙwarewar mai nazarin zance ba ta wadatar ba. Kafin ma'aikaci ya bayyana irin wannan bukata, dole ne ya tabbata maganarsa ba za ta jawo masa horo ba, kuma shugabanni kaɗai ke iya ba shi wannan tabbaci.