Shagari Mawaƙi: Waiwaye a Kan "Waƙar Nijeriya"

Hausawa sun ce ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo? Haka sha'anin Alhaji Shehu Shagari yake. Mulki ya danne waƙarsa, har ya zama mu mutanen Dogon Daji, da kullum muke ratsa garinsu in za mu Sakkwato, kaɗan ne cikinmu suka san shi da alƙalami.

An haife shi a Shagari a 1925. Ya yi elamantare a Yabo, ya yi Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, ya dawo Midil ɗin yana koyarwa. Yana malanta ya tsara "Waƙar Nijeriya" a 1948, kamfanin NNPC na Zariya ya buga ta a 1973. Ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018.

Jigon waƙar shi ne labarin ƙasa da tarihin Nijeriya. Nan ne wasu 'yan'uwa ɗalibai ke tada jijiyar wuya, wai wannan darasin aji ne kawai aka sa wa amsa-amo. A ganina sun yi gaggawar hukunci. Ai ilmantarwa ita ce tushen rubutacciyar waƙar Hausa. Da me Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u suka isar da tauhidi da fiƙihu ga wanda bai iya Larabci ba? Shagari tulun nan ya gada, sai ya zuba masa ruwan boko. A tuna kuma, a 1948 shekara 34 kacal ke nan da haɗe Kudu da Arewa, yaron ƙauye bai san wata aba wai ita Nijeriya ba. Wanda ya sa shi ya rera ta da harshen uwarsa ya yi babban aiki.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Waƙar da ta ɗauki kayan darasi dole ta yi tafiyar raƙumi. Mai neman zafin Sa'adu Zungur ko wasa da harshe irin na Aƙilu Aliyu, sai ya nufi wata rumfar.

Roƙona ga malamanmu shi ne a riƙa ɗora ta bisa ma'aunin waƙa ana tarkenta baiti-baiti, ba don marubucinta ya yi mulki ba, ba kuwa don a huce haushin siyasa a kanta ba. Allah ya jiƙan Turakin Sakkwato, amin.